Fina-finan da Suka Cancanci Lokacinka, da Inda Kowanne Ya Ajiye Ƙaryarsa

Bari mu fara da abin da zai iya ɓata maka rai, mai karatu: babu fim ɗin da ya taɓo kimiyya da bai yi ƙarya ba. Ko ɗaya. Wanda ya fi kowanne tsantseni ma sai ya rage kwanaki, ko ya haɗe mutum uku ya mai da su ɗaya, ko ya sa ƙarar fashewa a sararin samaniya inda babu iskar da za ta ɗauki sauti. Saboda haka idan aka tambaye mu wane fim ne ya dace da kimiyya ɗari bisa ɗari, amsar ita ce babu. Tambayar da ta fi amfani ita ce, a ina fim ɗin ya ajiye ƙaryarsa? Akwai ƙaryar da ake ajiyewa a bakin ƙofa, ka tsallake ta ka shiga labari, daga nan komai ya tafi bisa ƙa'ida. Akwai kuma wadda ake zura maka a aljihu ba ka sani ba, ka tafi da ita gida a matsayin ilimi, gobe ka faɗa wa ɗanka. Ta farkon kuɗin shiga ce kawai. Ta biyun ce abin tsoro. Da wannan ma'auni za mu duba wasu fina-finai masu daɗin kallo, daga na sararin samaniya zuwa na barkwanci, da na Indiya, da na gida Najeriya. Za mu ɗan tona asirin wasu labaran, sai ka yi mana haƙuri.

Ka fara da The Martian na 2015, wanda Ridley Scott ya ba da umarni. Matt Damon ne ya fito a matsayin Mark Watney, masanin tsirrai da abokan tafiyarsa suka baro a duniyar Mars suna zaton ya mutu. Abin da ya raba shi da su wata guguwa ce da ta fizgo ƙarfe ta make shi, har tana neman kifar da kumbonsu. To, wannan guguwa ba za ta yiwu ba. Iskar Mars ba ta da kauri, matsinta bai kai kashi 1 cikin 100 na matsin iskar duniyarmu ba. Ƙarfin da iska ke tura abu da shi ya dogara ne ga gudunta da kuma kaurinta, don haka iskar da ke gudun kilomita 160 a awa a can, a jikinka ba za ta wuce ta kilomita 20 a awa a nan ba, irin wadda ke kaɗa shanya a kan igiya. Ƙura kam tana tashi a Mars, wani lokaci har ta lulluɓe duniyar baki ɗaya, amma ba ta jifa da mutum. Andy Weir, wanda ya rubuta littafin da aka ɗauko fim ɗin daga ciki, shi da kansa ya amsa cewa ya san haka, ya dai buƙaci abin da zai bar jaruminsa shi kaɗai.

Daga nan fim ɗin ya koma lissafi, kuma lissafin ne daɗinsa. Watney ya ƙirga abincin da ke hannunsa, ya ga ba zai kai shi shekara huɗun da zai jira ba, sai ya yanka dankalin Turawa ya shuka a cikin ɗaki, ya yi taki da bayan gidan abokan tafiyarsa. Ruwa fa? Ya ɗauki man roka, ya raba iskar haidurojin daga cikinsa, ya ƙona ta da oksijin, ruwa ya fito. Da farko abin ya fashe masa a fuska, saboda ya manta da oksijin ɗin da shi kansa ke fitarwa a numfashi. Wannan fitowa ta fi mana kowace daraja, domin haka aikin ɗakin gwaji yake: ka yi lissafi, ka manta abu guda, ka sha wuya, ka koma ka gyara. Haka da ya tono tsohuwar na'urar Pathfinder da ta sauka a Mars a 1997 don ya yi magana da duniya. Kyamarar na'urar juyawa kawai take iya yi. Idan ya jera haruffa 26 a da'ira, tazarar da ke tsakaninsu ta yi ƙanƙanta, ba zai gane wanne ake nunawa ba. Sai ya koma tsarin ƙirga na alamomi 16 da kwamfuta ke amfani da shi, tazarar ta buɗe. Ba a harbi kowa ba, amma kana zaune a bakin kujera.

Akwai abin da aka kau da kai daga gare shi. Tun 2008 na'urar Phoenix ta gano wani gishiri mai guba a ƙasar Mars, wanda sai an wanke ƙasar kafin a yi maganar noma. Kuma nauyin mutum a can kashi 38 cikin 100 ne na nauyinsa a nan, amma Watney na takawa kamar yana hamadar Jodan, inda a zahiri aka ɗauki fim ɗin. Duk da haka ba za ka fita da wata gurguwar fahimta da za ta cutar da kai ba. Abin da za ka fita da shi shi ne sha'awar ɗaukar biro da takarda.

Jurassic Park na Steven Spielberg, na 1993, shi ma a bakin ƙofa ya ajiye tasa. Wai an samu sauro da ya sha jinin dainaso ya maƙale a cikin ƙaron bishiya, aka zuƙo jinin aka farfaɗo da dabbar. Matsalar ita ce sinadarin gado na DNA ruɓewa yake yi. Wani bincike na 2012 a kan ƙasusuwan wasu tsuntsaye da suka ƙare a New Zealand ya nuna cewa rabin mahaɗansa na tsinkewa a cikin kimanin shekara 521. Mafi tsufan DNA da aka iya karantawa, wanda aka samo a Greenland, bai wuce shekara miliyan 2 ba, alhali dainaso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Dodon nan Velociraptor kuwa, da ke buɗe ƙofar kicin yana farautar yara, a gaske girmansa kamar na talotalo ne, kuma gashin tsuntsu gare shi. Ka yafe wa fim ɗin duk wannan. Idan ka amince da sauron, sauran labarin gaskiya ne a kan mutanen da suka gina abu mai sarƙaƙiya, suka ɗauka shingen lantarki da kwamfuta sun isa, sai ma'aikaci guda da ke jin ba a biyan shi yadda ya kamata ya kashe wuta. Yau shekara fiye da talatin, har yanzu yana razanarwa.

Yanzu ga ɗaya gefen. Lucy na 2014, na Luc Besson, fim ne na faɗa da gudu, ba ya gundura, minti casa'in ka gama. Amma duk ginin yana tsaye ne a kan cewa ɗan'adam kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwarsa kawai yake amfani da shi. Da a bakin wani ɗan daba aka sa maganar, da da sauƙi. Sai aka sa ta a bakin Morgan Freeman, a matsayin farfesa, a gaban ɗalibai, da majigi da komai, da muryar nan tasa da ko lissafin cefane ya karanta sai ka yarda. Ka ga bambancin ke nan. Babu wanda ya fita daga Jurassic Park yana neman sauro a cikin ƙaro, amma mutane da yawa sun fita daga Lucy da "ilimi" sabo, kuma har yau za ka ji masu lakcar zaburarwa suna maimaita shi. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jikinka, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa a hutu. Jiki ba ya ciyar da malalaci haka. Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sun nuna kowane sashe yana da aikinsa, har cikin barci. Kuma duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san cewa ɗan wuri kaɗan ne ke lalacewa, magana ko hannu ya tafi. Ka kalle shi in kana so, amma ka zazzage aljihunka kafin ka tashi.

Armageddon na 1998 ba sai mun tsaya a kansa ba. Dutse mai girman jihar Texas, saura kwana 18, a tura mahaƙa mai su dasa bam. Ko da bam ya fasa irin wannan dutse, tarkacen nan dai za su iso. Abin da masana suka gwada da gaske shiru-shiru ne: a watan Satumba na 2022 hukumar NASA ta kara wani kumbo mai suna DART da wani ƙaramin dutse, Dimorphos, mai faɗin kimanin mita 160, ta rage masa lokacin kewayensa da fiye da minti 30. Dabarar ita ce ka gano dutsen shekaru kafin ya iso, ka ɗan ture shi kaɗan. Idan dariya kake nema a kan wannan batu, Don't Look Up na 2021 ya fi. Masana taurari biyu sun hango tauraro mai wutsiya da zai halaka duniya cikin wata shida, sai suka tarar fadar shugaban ƙasa zaɓe ne a gabanta, gidan talabijin kuma labarin rabuwar mawaƙa ya fi damun sa. Ya yi tsawo, yana nanata barkwanci guda har ya gaji, kuma akwai baƙaƙen kalamai da tsiraici, ba na zama da yara ba ne. Amma duk mai binciken da ya taɓa ƙoƙarin bayyana haɗari ga mai mulki cikin minti biyu zai yi dariyar da ke da ɗaci a ƙasanta.

Interstellar na Christopher Nolan, na 2014, shi ne wanda aka fi tambayar mu a kansa, kuma abin mamaki, wurin da mutane suka fi ɗauka ƙarya ce shi ne wurin da ya fi gaskiya. 'Yan sama-jannati sun sauka a wata duniya da ke dab da wani baƙin rami, wato wurin da nauyi ya taru ya yi yawan da ko haske ba ya kuɓuce masa. Aka ce awa ɗaya a wannan duniya daidai take da shekara bakwai a tamu. Suka yi 'yan awoyi suka dawo, suka tarar abokinsu da ke jira a kumbo ya yi shekara 23. Wannan ba tatsuniya ba ce. Ka'idar Einstein ta 1915 ta nuna cewa agogo na tafiya a hankali a inda ƙarfin jan nauyi ya fi tsanani. Af, wannan ƙarfi da ke dawo da dutse ƙasa idan ka jefa shi sama, mutane kan kira shi maganaɗisun ƙasa, amma ba maganaɗisu ba ne, don har roba da tuwo yana ja. Hujjar ka'idar tana cikin wayarka. Taurarin ɗan'adam na GPS suna nesa da ƙasa da kusan kilomita 20,000, inda jan ya fi sauƙi, kuma agogonsu na rigan namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan ɗaya a kowace rana. Da ba a gyara wannan ɗan bambanci ba, da taswirar wayarka ta riƙa ɓata da kilomita kusan goma a kullum. Fim ɗin ya ɗauki wannan gaskiya ya kai ta maƙura. Kip Thorne, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2017, shi ya yi musu lissafin, ya nuna abin zai yiwu idan ramin na juyawa da gudun da ya kusa iyakar abin da ka'ida ta yarda da shi.

Hoton ramin ma daga lissafinsa aka zana shi. Zoben hasken da kake gani a sama da ƙasan ramin hasken bayansa ne, wanda jan ya lanƙwaso ya kawo gabanka. Sun dai cire abu guda da gangan: kamata ya yi gefen da ke tahowa wajenka ya fi ɗayan haske, amma aka ga hakan zai rikita mai kallo. Da aka fitar da hoton baƙin rami na gaske a watan Afrilu na 2019, sai ga shi gefe ɗaya ya fi haske.

Abin da ya sa fim ɗin ya zauna a zuciya shi ne ya mai da lissafi ciwo. Uba ya zauna yana kallon saƙonnin shekara 23, ɗansa ya yi aure ya haihu, 'yarsa da ya bari ƙarama ta kai shekarunsa. A namu ganin, ƙarshen ne ya yi rauni. Da jarumin ya faɗa cikin ramin, labari ya saki hannun kimiyya ya kama na mafarki, ana ta dogon jawabi a kan soyayya kamar wata ƙa'idar lissafi. Ya kusa awa uku, ka shirya.

Mu juya Indiya, tunda mai kallo Bahaushe ya daɗe da sanin hanyar can, tun zamanin silima har zuwa fassarar da ake yi yanzu. 3 Idiots na 2009, na Rajkumar Hirani, barkwanci ne a kan ɗalibai uku a kwalejin injiniya, kuma bulala ce a kan karatun hadda, inda ɗalibi ke zuba wa malami abin da ya haɗiye ba tare da ya tauna ba. Duk wanda ya yi jami'a a ƙasar nan zai gane wani malaminsa a ciki. Akwai wani wuri da muke ƙauna. Jarumin, Aamir Khan, ya kunyata shugaban kwaleji da tambayar me ya hana 'yan sama-jannati amfani da fensir maimakon kashe kuɗi a ƙera biro na musamman. Kowa ya yi dariya. Can kusa da ƙarshe sai malamin ya ba shi amsa: bakin fensir na karyewa, kuma inda abu ba ya faɗuwa ƙasa, gutsuren zai yi ta yawo ya shiga ido ko na'ura. Amsar daidai ce. Ba kasafai fim ke yarda jaruminsa ya sha kaye a hannun tsoho ba.

Amma a wannan fim ɗin ne kuma ƙarya mafi haɗari take. Ruwa ya yi ambaliya, an ɗauke wuta, mace na naƙuda a kan teburin wasa, ɗalibai suka haɗa batiran mota, suka juya na'urar zuƙe ƙura suka jawo jariri. Jawo jariri da na'urar zuƙa aiki ne na gaske a asibiti, sai dai da sharuɗɗa: bakin mahaifa ya gama buɗewa, an san yadda kan jariri ya kwanta, an auna ƙarfin zuƙar, kuma ƙwararre ne ke riƙe da ita, domin kuskure kaɗan na jawo zubar jini a ƙarƙashin fatar kan yaro. Wannan dai ba mai kwaikwaya. Abin da ya biyo baya ne ya fi damun mu. Jaririn ya fito ba ya numfashi, kowa ya yanke ƙauna, sai aka furta taken abokan nan, yaro ya motsa. A yankin da mata da yawa ke haihuwa a gida a hannun ungozoma, wannan ba abin wasa ba ne. Jaririn da bai yi kuka ba, minti na farko ne rayuwarsa: a goge shi da busasshen zane, a shafa bayansa da ɗan ƙarfi, a duba hanci da baki, idan bai numfasa ba a fara hura masa iska da jakar numfashi. Ka sha dariyarka a fim ɗin, amma wannan fitowar ka bar ta a can.

Taare Zameen Par na 2007 kuwa, da za mu iya da mun tilasta wa kowane malamin firamare kallon sa. Yaro ne ɗan shekara takwas da ba ya iya karatu, gida da makaranta aka yanke masa hukuncin daƙiƙi ne ko ɗan taurin kai, har wani malamin zane ya gane disleksiya ce ke damun sa. Fim ɗin ya ɗan kauce da ya nuna haruffa na rawa a idon yaron. Bincike ya fi nuna cewa matsalar ba a ido take ba, tana wajen haɗa harafi da sautinsa ne. Kuma juya b ta koma d abu ne da yara ƙanana da yawa ke yi su wuce, balle namu da aka ƙara musu ɓ da ɗ a kai. Gyaran da aka nuna cikin waƙa guda, a zahiri aikin watanni ne da shekaru, kuma ba kowane mai disleksiya ne gwanin zane ba. Duk da haka abin da uba zai tafi da shi gida daidai ne: yaron da ke da kaifin baki amma takarda ta gagare shi, wataƙila ba bulala yake buƙata ba.

Idan ka lura da jami'in NASA da ya fara magana da Watney a The Martian, Chiwetel Ejiofor ne, haifaffen Landan ɗan asalin Najeriya. Shi ya ba da umarnin The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, ya kuma fito a uban yaron. Labarin William Kamkwamba ne na ƙasar Malawi, wanda aka kora daga makaranta saboda kuɗi a lokacin yunwar 2001 zuwa 2002, ya riƙa shiga ɗakin karatu, ya ƙera injin iska da tarkacen bola yana ɗan shekara 14. Duk kimiyyar fim ɗin tana cikin ɗan dainamon nan da ke gogar tayar keke ya kunna fitila: maganaɗisu na juyawa a tsakiyar naɗin waya, lantarki ya fito. Idan ƙafa na iya juya shi, iska ma za ta iya. An ɗan yi kwaskwarima, domin injinsa na farko fitilu da rediyo ya kunna a gidansu, maganar jawo ruwa daga baya ta zo, amma fim ɗin ya haɗe su don ya ƙare da noman rani. Yana tafiya a hankali, yawancin maganar da harshen Chichewa ake yi, kuma bai ɗora wa fari laifi shi kaɗai ba. Ya nuna sare itatuwa, da tsadar hatsi, da gwamnatin da ke musun akwai yunwa. Rigimar uba da ɗa a kan keke ɗaya tilo na gidan, manomi a Jigawa ko Maraɗi ba ya buƙatar a fassara masa ita.

Sai na annoba. Contagion na Steven Soderbergh ya fito a 2011, jama'a suka koma kansa a 2020 kamar littafin duba. Ba duba ba ne, tambayar masana aka yi, cikinsu har da Ian Lipkin na Jami'ar Columbia. An gina ƙwayar cutar fim ɗin a kan ta Nipah, wadda ta ɓulla a Malesiya a ƙarshen shekarun 1990, daga jemage zuwa alade zuwa mutum. Kyamarar Soderbergh ba fuska take bi ba, hannu take bi: ƙofar bas, kofi, katin banki, ƙarfen da kowa ke riƙewa. A ciki ne Kate Winslet ta tsaya gaban allo ta bayyana lambar da ke nuna mutum nawa mai cuta ɗaya ke shafa wa, bayanin da ya fi na littattafai da yawa sauƙi. Da fim ɗin ya fito an ce rigakafinsa ya yi saurin samuwa, cikin 'yan watanni. Sai ga korona: an wallafa tsarin ƙwayar a Janairun 2020, aka fara allura a Ingila a Disambar shekarar. Mugun fim ɗin kuwa ba ƙwayar cutar ba ce, wani marubucin intanet ne da ya yi ƙaryar ya warke da wani maganin fure, jama'a suka yi ta turmutsutsu a kantin magani, shi yana tara kuɗi. Fim ne mai sanyi, ba ya lallashi, akwai fitowar binciken gawa da ba kowa zai jure ba.

Mu a nan mun ga irin wannan mugu tun kafin korona. A watan Agustan 2014 saƙo ya zagaya wayoyi cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum daga Ebola. Aka tashi iyalai da asuba, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa ransu. Labarin wannan annoba shi Steve Gukas ya ɗauka a 93 Days na 2016. Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yuli, 2014, aka kai shi asibitin First Consultant da ke Obalende. Dakta Ameyo Stella Adadevoh, wadda Bimbo Akintola ta fito a matsayinta, ta yi zargin Ebola ce, ta ƙi sallamar sa duk da matsin da aka yi mata don ya wuce taro a Kalaba. Ya rasu bayan kwana biyar. Ita ma ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar baki ɗaya, takwas suka mutu, a annobar da ta fara a birni mai miliyoyin mutane. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta rabu da cutar, bayan kwana 42 ba sabon kamu, wato ninki biyu na kwana 21 da ƙwayar ke iya ɓoyewa a jiki. Daga saukar Sawyer zuwa wannan rana, kwana 93 ke nan.

A matsayin fim yana da rauninsa. Wasu hirarrakin sun yi kama da karatun takarda, kiɗan na gaya maka lokacin kuka tun kafin ka ji shi. Ya kuma fi zama a ɗakin killacewa na Yaba, bai ba aikin da ya tare cutar a waje haƙƙinsa ba: ma'aikatan da suka bi sawun mutum kusan 900, suna zuwa gida-gida kullum da ma'aunin zafin jiki, bisa tsarin da aka aro daga yaƙi da shan inna. Wannan aiki ba ya kyau a kyamara, shi ya sa. Amma abin da ya nuna ya nuna shi daidai. Ebola ba a iska take yawo ba, ta jini da amai da gudawar wanda ciwon ya bayyana a jikinsa take bi, shi ya sa masu jinya suka fi kowa kamuwa. Za ka ga likita ta koma majinyaciya a kan gado, cikin ɗakin da ba a shirya shi don haka ba. A 2014 babu rigakafi ko maganin Ebola da aka amince da shi, don haka abin da ake yi shi ne a hana jiki bushewa har garkuwarsa ta yi nasara. Dakta Ada Igonoh, ɗaya daga cikin likitocin asibitin da suka kamu suka tsira, wadda ita ma labarinta ke cikin fim ɗin, ta bayyana daga baya yadda ta riƙa tilasta wa kanta shan lita-lita na ruwan gishiri da sukari a kullum, tana amai tana komawa. Irin na ƙunshin nan ne da ake ba yara masu gudawa, wanda ake zubawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a aune, bayan cuta ta kama, ba bokitin da aka yi ta wanka da shi da asuba ba.